Buhunan Iri a Bromakote

Ban taɓa mantawa da wata Asabar a 2008 ba, shekarar da shinkafa ta yi tsadar da har mata suka fito titi a Abijan. Lokacin ni ne mai kula da sito a wajen Alhaji Idi, a Belbil ta Tireshbil. Ba buhun da ke shiga ko fita sai da sanina.

Wani masanin noma ɗan Sin, Mushe Wang (Mushe shi ne Malam da Faransanci), ya ajiye mana buhu uku na irin shinkafa mai yawan yabanya. Ranar Litinin mota za ta kai wa manoman wani ƙauye da suka riga suka share fadama. In ya salwanta, kafin wani irin ya iso ta jirgin ruwa damina ta wuce su.

Ran Asabar ɗin zan tafi tashar jiragen ruwa, sai na ji Alhaji yana ce wa mataimakina Umaru, "Ka kula, waɗannan iri ne." To Umaru haifaffen Abijan ne, Faransanci kamar ruwa, Hausa kuwa sai a hankali. Shi "iri" ɗaya ya sani, na "wane iri kake so?" Ya ɗauka Alhaji yabon shinkafar yake. Da ya ga da ƙaiƙayinta, sai bawan Allah ya yi abin kirki, ya aika da ita injin casa a Bromakote, can unguwar Ajame.

Na dawo na tarar da Wang tsaye a gurbin buhunan. Umaru ya faɗa mana inda ya aika da su. Muka faɗa tasi mu uku, Umaru na ta salati da Faransanci da Hausa.

A cunkoson Ajame na zaci Wang zai yi faɗa. Sai ya ce a hankali, a ƙasarsu masu ci sun yi yawa, gona kaɗan, ruwa na ja baya, samari kuma sun gudu birni sun bar wa tsofaffi noma. "Babana ya ci ɓawon itace a shekarun yunwa," ya ce. "Shi ya sa nake bin iri har nan."

Muka iske injin shiru, mai injin na fifita da kwali. An ɗauke wuta tun hantsi! Buhunanmu na kan layi, ɗaya kawai aka kwance. Wallahi ban taɓa sa wa ɗauke wuta albarka ba sai ranar. Muka yi ta dariya har da hawaye, Umaru ya rungume buhu kamar ɗansa.

Ƙwayoyi kaɗan sun zube a ƙasa. Wang ya durƙusa yana tsincewa, na tuna kakata a Nijar, haka take yi wa gero. Muka durƙusa tare da shi.

Ku da kuka zo aiki yanzu, ku riƙa tambaya kafin ku ɗaga buhu: na tukunya ne ko na gona? Umaru dai har yau Malam Iri muke kiransa, kuma da kaka ta yi, shi manoman suka fara aiko wa sabuwar shinkafa.