Farin Faifan Sauda

A wani ƙauye gabas da Ɗambatta aka yi Sauda matar Ja'afaru, mai ɗinkin faifai. Da kanta take yanko kaba a gindin goruba, ta shanya a inuwa, ta tsaga da farce siri-siri. Jan rini daga karan dafi take dafo shi, ruwan ɗorawa daga saiwar rawaya, baƙi kuwa bagaruwa ce da kashin maƙera. Sai ta jiƙa kabar ta yi laushi, ta riƙa naɗe ta a kan ciyawa tana bi da basilla, daga cibiya har baki.

Sai aka yi fari shekara biyu a jere. A ta biyun, karan dafi bai kai gwiwa ba ya ƙone. Awaki suka cinye kabar kusa, sai ta yi tafiyar rabin yini take samo dami guda. Ja'afaru ya tafi Kano neman abin da za su ci, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Bayan wata uku aka aiko cewa zazzaɓi ya yi ajalinsa a unguwar Bacirawa.

Ta shiga takaba da ragowar kabar da ta tara. Babu rini, sai ta ɗinka fari fat.

Maƙwabciyarta Kulu ta leƙo wata rana da hantsi, ta tarar da ita a bakin ɗaki tana aiki.

"Yaya Sauda, wa zai sayi faifai alhali babu abin bakacewa?"

"Na sani, Kulu," in ji ta, ba ta ɗago ba. "In na ajiye basillar nan, tunani ne zai kwantar da ni."

Ana haka mota ta kawo dawar agaji, cike da tsakuwa da ƙwari. Mata da yawa sun riga sun kai faya-fayansu da ƙoransu kasuwa tun farkon yunwa. Sauda ta aiki babbar 'yarta Rukayya gida-gida da abin da ta ɗinka, ta ce kada ta karɓi komai. Wasu suka maido faifan da 'yar tsaba a kai. Ta juye tsabar, ta sake mayar musu da faifan.

Ƙaramar 'yarta ba ta kai damina ba. Sauda kuwa ta ƙara shekara ashirin da ɗoriya, har idonta ya dushe, tana laluben kaba da yatsa. A ɗakin Rukayya ta rasu, wata Laraba bayan girbi. Allah ya ji ƙanta.