Kumfa a Bakin Duna

Ba na cika yin rantsuwa a kan komai ba, amma ina jin zan iya cewa ranar da Duna ya dawo daga gona da kumfa a baki ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Bayan na gama jami'a, kafin aiki ya samu, na koma ƙauyenmu na bakin tafki kusa da Ngaski ina taya Kawu noman masara. Birai ne damuwarmu. Kowane mai gona a fadamar yana da kare, kuma tare karnukan ke korar biran, don ɗaya ba ya iya musu. Ni ma na samo baƙin kwikwiyo daga Yelwa, na sa masa suna Duna, aka yi masa allurar rigakafi, na ajiye shi shi kaɗai a bayan rumbu. Abin da na karanta game da haukar kare ya hana ni sukuni. Duk karen da na gani zarginsa nake yi, musamman jar karyar maƙwabcinmu mai yagaggen kunne, wadda ba wanda ya san inda take yawo.

"Ɗan boko, kare kake kiwo ko ƙwai?" in ji Kawu. "In bai saba da 'yan uwanai ba, ranar da sunka gamu yayyaga shi za su yi."

Ba da son raina ba na fara kai shi gona da igiya. Da farko daga nesa muke tsayawa. Daga baya na bari suka shinshini juna, ina watsa musu kawunan kifi nesa-nesa don kada su yi faɗa. Ranar da na kwance shi, an kwana ana ruwa. Ya bi karyar nan suka shige cikin masara.

Da la'asar sai ga shi a ƙofar gida, kumfa na dalala, yana girgiza kai yana goga baki a ƙasa. Inna ta kora yara ɗaki. Kafin in yi wani tunani, maza sun taru da sanduna.

"Dama tun da anka kawo shi daga birni ban yarda da shi ba," in ji maƙwabcin. "Mi kake ɓoyo da ka ɗaure shi bayan rumbu?"

Saura kaɗan in ce masa karyarsa ce ta cije shi, don abin da ke raina ke nan. Sai na tuna ban ga cizon ba.

"Baba, ban ce lafiyarsa ƙalau ba," na ce. "Ban kuma ce ya haukace ba. A bar ni in killace shi mu gani."

Kawu ya jefa wa Duna igiya daga nesa, muka kewaye shi da ƙaya. Likitan dabbobin da na kira ya ce kada kowa ya taɓa shi, a sa masa ido na wasu kwanaki. Kawu ya ce in ya ƙi ruwa ko ya kai wa wani cizo, shi da kansa zai gama da shi. Na tura masa kaskon ruwa da gorar tuƙa kwalekwale. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa baki ya sha. Ba wanda ya ajiye sandarsa.

Washegari na bi sawunsu cikin gona. A bakin wani kududdufi na iske ƙaton kwaɗo a mace, da shaidar haƙora a bayansa. Na kawo shi a kan ganye. Likitan ya ce mai yiwuwa dafin kwaɗon ne ya sa kumfar, amma a cika kwanakin. Na cika su, har na ƙara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kullum da safe jar karyar nan sai ta zo ta kwanta a bayan ƙayar, ba ta tashi sai rana ta yi zafi. Maƙwabcin ya zo nemanta wata safiya, ya tsaya yana kallonsu.

"Su dai sun shirya," ya ce. "Mu ne saura."

Ranar da na fito da Duna daga ƙayar, tare da karyar suka nufi gona, kuma masararmu ta kai kaka.

Har yanzu ni mai yawan zargi ne, ba na jin zan daina. Amma tun daga ranar na koyi cewa in zuciya ta cika da zato, a nemi igiya a jira, kada a fara da sanda.