Gagare da Zanan Waken Suya

Gagare na Wagini gadon noma ya yi, kuma tun da nake maƙwabtaka da shi ban taɓa ganin ya saurari shawara har ƙarshe ba. Da 'yan bindiga suka raba shi da gonarsa ta daji, sai ya koma ɗan filinsa na bakin rafi, wanda sai da rani ake nomansa. Waken suya yake so ya yi, don da awara matarsa Baiwa take riƙe gidan. Amma sanyin hunturu yana kakkaɓe furen waken, kuma ba wanda ya san irin da ke jurewa.

Yohanna malamin gona ya aro wata 'yar na'ura daga birni. Ana maƙala ta a ganye, a bar shi cikin duhu na ɗan lokaci, sannan ta haska shi. Hasken da ganyen ya maido ne ke nuna ko sanyi ya taɓa shi, tun kafin ido ya gani. Shi da Gagare suka shuka waken iri huɗu a filin don gwaji. Yohanna ya ce, "Baba, dan Allah ban ruwa kaɗai za ka yi masu. Sanyin muke so ya same su."

Gagare ya ce to. Mu kuwa mun san irin wannan "to" ɗin nasa.

Hanya ta ɓaci, Yohanna bai samu dawowa ba sai da sanyi ya yi tsakiya. Ya iske an kewaye filin da zana, kowane layi da rumfarsa ta kara, kamar yadda mutanenmu ke yi wa dashen tumatir. Ya auna, ya sake aunawa, iri huɗun duk lafiya lau. Bawan Allah ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ni kaina haushi ya kama ni.

"Baba, me ya kai ka?"

"Yaro, ubana bai taɓa barin shuka ta kwana tsirara ba. Ni za ni fara?"

Masu na'ura suka karɓi abarsu, shi kuma Yohanna aka yi masa canjin wurin aiki. Da shekara ta zagayo, ba mai iya shiga daji yankan ciyawar zana saboda 'yan bindiga, kara kuma ya yi wuya. Gagare ya zaɓi irin da ya fi cika masa ido, ya shuka filin kaf. Sanyi ya sauka, fure ya zube. Ranar da Baiwa ta kife tukunyar awara, ya same ni a ƙofar gida, murya ƙasa-ƙasa, yana tambaya ko na san garin da aka mayar da Yohanna.