Kwanon Buzu a Ciyayyar Unguwarmu

A shekarar farin nan da ya gama da dabbobin mutanen arewa, ina sana'ar ɗinki a ƙauyenmu da ke tsakanin Gaya da Ajingi. Duk ranar kasuwar Ajingi nakan ɗaure kan keken ɗinkina a bayan basukur, in je in kafa a rumfa. A can na riƙa ganin wani Buzu da matarsa da 'ya'yansu biyu a gindin tsamiya, ba sa saye ba sa sayarwa. A kasuwa ta uku ya kawo mini rigarsa in yi mata faci. Na tambaye shi inda suke kwana, ya nuna mini tsamiyar. Na ce su tashi su biyo ni. Ina da wannan hali na yanke magana kafin in yi tunani, matata kuwa ta san shi sarai. Da ta gan mu, sai kawai ta ƙara ruwan tuwo.

Na ba su ɗakin da ke jikin zaurena. Mu ma ba wani abin kirki muka girba ba a shekarar, amma ana ɗan taɓawa. Abin da ya dame ni shi ne damina. Akwai wata saura a bayan gari wadda mai unguwa ke da ikon bayar da aronta, na kuma roƙar wa Buzun. In ya samu kafin ruwan shuka, sun zauna ke nan. In bai samu ba, sai su nausa Kano, shi ya nemi gadi a ƙofar gidan wani, yaran su tashi a gefen titi. Mai unguwa ya ce zai duba. Duk wanda ya san shi ya san ba saurar zai duba ba, bakin 'yan ciyayya zai duba.

Mu takwas ne a ciyayyar. Da an idar da sallar magariba sai mu haɗu a ƙofar gidan mai unguwa, kowa a fito masa da kwanon gidansa, a jera, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. A kan tabarmar nan ake yanke duk wata maganar unguwa. Buzun kuwa bai taɓa zuwa ba. Na gayyace shi har na gaji. Kullum sai ya dafa ƙirji ya yi godiya, ya gyara rawanin da ya rufe masa komai ban da idanu, ya koma ɗaki.

Wanda abin ya fi tsaya wa a rai shi ne wanzaminmu, da muke kira Sarkin Aska. Wata rana ya tsame hannu daga kwano ya dubi mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, babu haɓar da ban taɓa riƙewa ba a garin nan. Mutum ya yi wata biyu a cikinmu, ba mu ga bakinsa ba, ba mu ga hannunsa a kwanonmu ba, kuma a ce a ba shi gona? Raina mana abinci ya yi."

Sauran suka gyaɗa kai. Na shiga gida raina a ɓace, na hau faɗa ni kaɗai: mutum ana nema masa, shi yana ɓatawa. Matata ta bari na gama tukuna.

"Malam, kai dai ɗinki ka iya," in ji ta. "Kowa a wurin nan da kwanon gidansa yake zuwa. Shi da wane kwano zai je? Matarsa ta ce mini a can garinsu shi yake yanka wa baƙi rago. Yanzu ya je ya zauna hannu sake, yana cin na mutane a gaban dattawa?"

Kunya ta kama ni sosai. Wata biyu ina aika masa da tuwo ina jin ni mai kirki ne, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Kashegari matata ta auni garin dawa, ta haɗa da kuka da daddawa da tukunya da muciya, ta kai wa matar Buzun. Baiwar Allah nan ta san madara da cuku da gero, amma ba ta taɓa tuƙa tuwo ba tun da take. Matata ta ce bari ta taya ta. Matar Buzun ta ƙi. Ta ce in dai kwanon mijinta ne, to da hannunta za ta yi.

Da magariba sai ga shi ya taho da akushi a hannu, yana takawa a hankali. Aka matsa masa. Sarkin Aska ya jawo acibalbal ya ajiye daidai gabansa, wai don baƙo ya ga miya. Aka buɗe kwanon farko. Buzun ya yi loma, ya ɗan ɗaga gefen rawani da hannun hagu, loma ta shige, rawani ya koma. Sarkin Aska ya sunkuya, ya karkace, har gemunsa ya kusa shiga miya, bai ga ko leɓe ba.

Aka ci gaba kamar kullum. An ce miyar gidan liman ta ga mai ne daga nesa. An ce tuwon gidana ya yi tauri, ko da keke aka ɗinka shi. Mai unguwa ma bai tsira ba. Daga nan aka zo kan akushin Buzu.

Na ci tuwo iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa haɗuwa da irin wannan ba. Gudaji ne suka taru suka yi jam'i, kowanne kamar ƙwan zabo, in ka fasa shi ɗanyen gari ne a ciki. Miyar kuwa ruwa ne tsululu da aka nuna wa kuka. Aka sa hannu, babu wanda ya yi tsokana.

"Madalla," in ji liman, yana ta fama da tauna.

"Allah ya yi albarka," in ji mai unguwa. "An gode ƙwarai."

Irin maganar da ake yi wa baƙon da zai wuce gobe ke nan. Shi ma Buzun ya gane, don kunnensa ya ji abin da aka yi wa sauran kwanukan. Ya janye hannunsa, ya sunkuyar da kai. Na ce a raina saura ta tafi.

Ana haka Sarkin Aska ya gatsa wani ƙaton gudaji, gari ya fashe masa a maƙogwaro. Ya yi tari, ya sha ruwa, ya sake tari, idanunsa suka yi ja. Da numfashi ya dawo masa, ladabi bai dawo ba.

"Kai Buzu, tsakaninka da Allah, matarka tuwo ta tuƙa ko tubalin gini ta yi mana? Kuma miyar nan, a gidanku ba a ba ku daddawa ba ne?"

Liman ya yi gyaran murya. Ni har na fara shirin tashi in ci kwalar wanzamin. Buzun ya ɗago kai a natse.

"An ba mu," ya ce. "Mun shinshina, mun ji ta daɗe da mutuwa. Ba mu so matar maigida ta ji kunya ba, sai muka binne ta a bayan katanga."

Mai unguwa ne ya fara ƙwarewa da dariya. Liman ya tambaya ko an yi mata salla. Sarkin Aska ya riƙe ciki, ya ce shekara hamsin yana cin gawa bai sani ba. Kowa ya samu bakin magana, aka yi wa akushin nan kaca-kaca, kuma ana yi ana ci, har aka suɗe shi.

Da aka wanke hannu, mai unguwa ya dubi Buzun.

"Gobe da hantsi ka zo mu zaga saurar nan, in nuna maka iyaka. Ita kuma matarka a ce ta dage da koyon tuƙi, don ba za mu shekara muna cin wannan ba."

Buzun ya kama bakin rawaninsa ya goge idanu, ya sake gogewa. Ni ma sai da na kau da kai, don daɗin da na ji ya fi ƙarfina.

"Ku ƙyale shi, barkono ne," in ji Sarkin Aska.

Na ci miyar nan da bakina. Ko ƙwayar barkono babu a cikinta.