Ɗakin Tsakin Gwaggo

Na fara ganin Gwaggo Mai Tsaki ranar Asabar, tara ga watan Maris, ranar da na tare a gidansu a matsayin ɗan haya. Ina sauke katifa daga mota sai wata mata gajera, kakkaura, ta fito daga ɗakin da ke bakin ƙofa da buhun dusa a kafaɗa. Ba ta gaishe ni ba. Cewa ta yi, “Malam, kana da mage?” Na ce ba ni da ita. Ta ce, “To, sannu da zuwa. Za mu zauna lafiya.”

Gidan na gado ne, na wa da ƙani. Wan shi ne mijin Gwaggo, direban babbar mota, ya rasu kafin zuwana. Rabonsa ɗaki biyu ne: wanda take kwana a ciki, da na bakin ƙofar nan mai buɗewa kan titi, inda take renon tsaki. Takan sayo su ’yan kwana ɗaya, ta rene su har su yi gashi, ta sayar. Da wannan ta aurar da ’yarta, da shi take ci. Ƙanin kuwa kowa Ciyaman yake ce masa, don shi ya naɗa kansa mai karɓar haya da kula da mitar wuta, wadda guda ɗaya ce ga gidan duka. Yana da tebur a bakin titi, yana sayar da waya da soket da ƙwan lantarki. In hadari ya taso sai ka ga yana kwasar kaya da gudu, yana harar ƙofar ɗakin tsaki.

Akwai wasa tsakaninsu irin na matar wa da ƙanin miji. Yakan leƙa ɗakin ya toshe hanci ya ce, “Matarmu, yaushe za ki kori ’yan hayan nan naki marasa biya?”

Ita kuma ta ce, “Ranar da ka daina lashe yatsa da naman iyayensu, mijin aro.”

Na taɓa shiga ɗakin. Garin katako a ƙasa, kwali a zagaye kamar shinge, sai jajayen ƙwayayen lantarki irin na da, a rataye ƙasa-ƙasa, har sai ka sunkuya. Tsakin na baje a ƙarƙashinsu, wasu na barci da ƙafa a miƙe. Ɗumin ɗakin yana tarar fuskar mutum tun daga bakin ƙofa.

A shekarata ta biyu a gidan kuɗin wuta ya hau. Ciyaman ya tara mu a tsakar gida ya ce daga yau an daina jan ƙwai, kowa ya koma farin nan na LED wanda ba ya shan wuta. A wannan maganar yana da gaskiya, kuma ni na fara goyon bayansa. Jan ƙwai yawancin wutar da yake sha zafi take zama, farin kuwa da ’yar kaɗan zai ba ka hasken da ya fi nasa. Gwaggo ma ta yarda a canza na ɗakin kwananta da na kicin. Sai ta ɗaga yatsa.

“Amma ban da ɗakin tsaki. Ba don su ga hanya na rataya musu ba, ba karatu suke yi ba. Ɗumi suke sha. A ɗora mini ƙarin, zan ɗauka.”

Ciyaman ya ce, “Na ji, matarmu.” Ina wurin, da kunnena na ji.

Da damina ta yi tsakiya ’yarta ta haihu a can ƙarshen gari. Gwaggo ta zuba wa sababbin tsakinta abinci da ruwa, ta bar makulli a hannun matar Ciyaman, wadda muke kira Uwar Biyu, ta tafi. Ranar aka wuni ana ruwa da iska mai sanyi. Da hantsi Ciyaman ya karɓi makullin, ya shiga da tsani da kwalin fararen ƙwai, ya fito da jajayen a aljihun riga.

Washegari da safe ta dawo. Ina ɗaura takalmi zan tafi ofis na ji ta buɗe ƙofar, sai na ji shiru, ba kukan tsako ko ɗaya. Na leƙa. Ɗakin fes da haske kamar ɗakin tiyata, sanyi kuwa kamar randa. Tsakin sun taru a lungu guda sun hau kan juna suna neman ɗumi. Na ƙasa sun shaƙe, na sama sun sandare. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko baho ta riƙa tsintar su ɗaya-ɗaya.

Ciyaman ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana tauna asawaki. “Ayya, ƙaddara ce. Ni na ɗauka ƙwai duk ƙwai ne.”

Ta ɗago ta dube shi. “Na faɗa maka.”

“Mantuwa, matarmu. Ɗan Adam ne.”

“Kada ka ƙara ce mini matarmu.”

Jarinta duka yana cikin bahon nan. Ba ta iya sayo wasu ba. Ba a jima ba Ciyaman ya ce tunda ɗakin na zaune haka nan, zai ɗan ajiye kaya kafin ruwa ya ɗauke. Kaya suka zama kanta, kanta ta jawo allo a saman ƙofa. Ruwa ya ɗauke, shi bai ɗauke ba. Da ta yi magana sai ya ce ai duk gida ɗaya ne.

Wata Lahadi da la’asar ta yi sallama a ƙofata, ta zube kwalayen farin ƙwai iri-iri a kan tabarma. Ta sayar da ’yan kajin da take kiwo a tsakar gida ta sayo su.

“Malam Akawu, karanta mini. Kada ka tsallake komai, har ƙananan rubutun nan na gefe.”

Na tambaye ta me za ta yi da su. Ta ce, “Abin da ya kashe mini ’ya’ya nake son in sani, ciki da bai.”

Na bi su bi da bi. Na nuna mata lambar da ke faɗin yawan wutar da ƙwai ke sha, da wadda ke faɗin ƙarfin haskensa, na ce ta biyun ce abin dubawa. Na nuna mata mai farin haske fat, na kicin da wurin ɗinki, da mai haske ruwan zuma, na ɗakin kwana. Ga mai gindin murɗawa, ga mai ’yan kunnuwa biyu da ake dannawa a juya. In ka sayi wanda bai dace da mazauninsa ba, ka yi asara. Ta saurara, ta maimaita, ba ta rubuta komai ba. Sannan ta ce, “Takarda ba ta ƙin tawada. Sai na gani da idona.”

Ta jera su a ɗakinta a jikin katako ta bar su a kunne. Cikinsu har da irin na Ciyaman, wanda ta aika aka sayo mata a ɓoye. Nasa ne ya fara ƙifta ido, wuyansa ya yi baƙi, ya mutu. Ta fasa shi da dutse, ta fasa mai kyau guda, ta kawo mini duka biyun. Mai kyau na da ƙarfe a ciki mai janye zafi, shi ya sa yake da ɗan nauyi a hannu. Na Ciyaman roba ce zalla, sakayau kamar ɓawon gyaɗa. Tun ranar da ya ɗora mata ƙaddara ban ga ta yi murmushi ba sai ranar.

Ta kafa tebur a tsallaken titi, daidai saitin ƙofar ɗakinta da ya mamaye. Tana da katakon gwaji, ba ta sallamar ƙwai sai ta kunna shi a gaban mai saye. Kowanne takan ɗiga masa jan farce a wuya. In ya mutu kafin shekara, ka kawo shi da ɗigonsa ta canza maka. Sai kuma abin da ya nuna inda ta dosa: duk wanda ya kawo mata mataccen ƙwan Ciyaman, za ta yi masa rangwame.

Matattun nan ba ta zubar da su. Takan ɗaure su a igiya, ta ja igiyar daga sandar rumfarta zuwa bishiyar gefen titi. Igiya ɗaya ta cika, ta ƙara ta biyu. In iska ta kaɗa sai su riƙa karo da juna, ƙas-ƙas, Ciyaman kuma yana zaune a kantarsa yana ji. Baƙo in ya tambaya, sai ta ɗaga murya yadda za ta tsallaka titi: “Na ƙanin mijina ne, ga shi can. Ƙaddara ce ke kashe su.”

Ciyaman ya rage farashi, bai yi amfani ba. Ya ce mata ba su san lantarki ba. Teloli da masu aski na layin suka ce su dai sun san ƙwan da ba ya mutuwa ana tsakiyar aiki. Ya taɓa tsallakowa da almakashi zai yanke igiyar, ta miƙe ta riƙe ƙugu ta ce, “Yanke mana. Buhu biyu gare ni a ɗaki.” Ya koma.

Na ce mata wata rana, “Gwaggo, ai ya ji a jikinsa. A sassauta.”

Ta ce, “Malam Akawu, kai takardu kake tsarewa, ni tsaki na tsinta a baho. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi.”

Abin da ya karya shi daga cikin ɗakinsa ya fito. ’Yan biyunsa na shirin jarrabawa, ƙwan ɗakinsu na ta ƙiftawa har idonsu ya fara ciwo. Uwar Biyu ta lallaɓo ta bayan gida ta ce, “Yaya, ki rufa mini asiri, ki ba ni guda.” Gwaggo ta zaɓar mata mai kyau, ta ɗiga masa ja mai kauri. Asirin ne ba ta rufa ba. Washegari, lokacin da wani tela ke tsaye a kantar Ciyaman yana juya kwali a hannu, ta ƙwala kira daga tsallake:

“Mai ɗinki, kafin ka biya, ce masa ya kai ka ɗakin ’ya’yansa ka ga na wa ke ci!”

Masu askin da ke zaune a benci suka ce sai an je. Aka je, aka ga jan ɗigo. Har yamma ana dariya a layin. Uwar Biyu ta sha faɗa, ta yi wata guda ba ta fita tsakar gida in Gwaggo na nan. Wannan ɗin ban ji daɗinsa ba, kuma na faɗa wa Gwaggo. Ta ce, “Ita ta miƙa masa makulli.”

Daga nan ciniki ya tsaya masa cak. Baffansu, wani tsoho mai sanda, ya zo sulhu. Aka zauna a tsakar gida, aka kira ni shaida. Baffa ya yi ta jan hankali a kan zumunci da haƙƙin marigayi. Gwaggo ta bari ya gama, kanta a sunkuye.

“Baffa, Allah ya ƙara girma. Abu biyu nake so. Ya fitar da kayansa daga ɗakin mijina da hannunsa, ba ɗan dako ba. Sannan ya faɗa a gabanka cewa na gaya masa, kuma ya ji.”

Ciyaman ya ce, “Ta gaya mini. Na ji.”

“Ba mantuwa ba?”

“Ba mantuwa ba.”

Ya kwashe kayan da kansa da rana tsaka, kwali bayan kwali, ita tana zaune a kujera a bakin ƙofa tana nuna masa abin da ya bari. Baffa ya ce to yanzu a yafi juna. Ta ce, “Ɗaki na karɓa, Baffa. Yafiya ba ta cikin abin da na lissafa.”

Ciyaman ya bar sana’ar lantarki, yanzu gadi yake yi a wani gidan mai, kula da mitar gida kuma ta dawo hannuna. Gwaggo ta raba ɗakin biyu da katako: gaba kanti, baya tsaki, ta sa wa bayan mita tasa daban. Ta yi shekara shida a haka, har ciwon gwiwa ya hana ta tsayuwa, ’yarta ta ɗauke ta zuwa gidanta, ta ba wani tela hayar ɗakin. Tana nan da ranta. Ita da ƙanin mijinta suna haɗuwa a wurin rasuwa da haihuwa, yana gaishe ta, tana amsawa, ba ta ƙara masa ko kalma ɗaya.