Tiyon Shisha a Motar Kawu

Jiya a hanyar Sinnar na tarar da tsohuwar motar marigayi kawuna, wadda ya bar wa unguwa don kai marasa lafiya asibiti, ta mutu da mai naƙuda a ciki. Jikokinsa sun sa mata inji mai turbo, suka ja masa mai da tiyon shisha! Tiyon ya narke, yana wari kamar ƙonannen gashi.

"Malesh, yi haƙuri, Alhaji, shi muka samu," in ji babbansu.

Na tofar da yawu. Kawu kuwa, lokacin da yake raye, a gabana ya hura bututun mai na ƙarfe da bakinsa, ya yi bismilla, ya ce, "Ɗana, jijiyar inji ce, ba a yi mata ha'inci."

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sauki baiwar Allahn nan mai naƙuda lafiya.