Tsarabar Kilishi a Garin Matakala

Idan ruwan yamma ya tsagaita a Guangzhou, akwai wata mata da ke fito da kaskonta ta gasa masara kusa da gadar Xiaobei, daidai hanyar da nake bi in na tashi daga ofishinmu na tura kaya. Da ƙamshin ya doki hancina, to na bar birnin ke nan. Sai in ga kaina a ɗakin Kaka, a ƙauyenmu na bayan Wudil, damina ta yi nisa, mun idar da sallar isha'i mun kewaye murhunta. Kowa ya ƙura wa masararsa ido don kada ɗan'uwansa ya yi masa musanye.

Kaka ita ta haifi babanmu. 'Yar gajeriya ce, amma muryarta har zaure ake jin ta. Sunan marigayi mijinta aka sa mini, saboda haka har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Maigida. Tatsuniyoyinta na kura da zomo tana buɗe su yadda kowace tsohuwa ke buɗewa, mu amsa baki ɗaya. Amma akwai guda ɗaya da ba ta yi masa haka. Sai ta gyara itace, ta tofar da tukar goro, ta ce, "Ku matso, yau tafiya za mu yi mai nisa."

Labarin wani bawan Allah ne dogo, wanda aka ɗauka soja aka sa shi a jirgin ruwa. A ƙasar Indiya zazzaɓi ya kayar da shi, aka bar shi jinya a wani gari na bakin kogi. Garin, in ji Kaka, yana da ganuwar dutse a kan tudu, daga ƙofarta matakala suka gangaro har cikin ruwa, kuma duk inda ka juya ɗakin bauta ne mai tsini, ana ta kaɗa ƙararrawa. Ba ta san sunansa ba, sai muka sa masa Garin Matakala. A nan muke tsare ta da tambaya. Matakalar sun fi na masallacin Juma'a yawa? Da gaske shanu na yawo cikin kasuwa ba makiyayi? Ta ce da gaske, kuma ba mai yanka su. Yayana ya ce lallai mahautan garin sun shiga uku, muka yi dariya har masarar wani ta faɗa toka.

Da mutumin ya ji sauƙi, sai ya fara sauka kogi yana alwala. Matsalarsa wurin salla: duk inda ya fuskanta sai ya ga gunki a gabansa. Wani tsoho mai sharar ɗakin bauta ya lura da shi yana kai da kawo. Ba mai jin yaren wani, amma ya yafuto shi, ya hau da shi saman ganuwa, ya nuna masa wani lungu da babu komai a gabansa sai sama da ruwa, ya share masa wurin da tsintsiyarsa. Da sojan ya sallame, tsohon ya dawo da alewa a kan ganye, irin wadda suke ajiyewa gaban abin bautarsu sannan a raba. Sojan yana jin yunwa, kuma ya san daga inda ta fito. Sai ya dafa ƙirji, ya rusuna, ya girgiza kai. Tsohon ya daɗe da hannu a miƙe kafin ya juya ya tafi.

Sojan ya kwana yana zaton ya rasa wurin sallarsa. Da gari ya waye sai ga tsohon da nonon ayaba, ƙaronta bai ma bushe ba, yana nuna masa bishiyar da ya saro ta. Daga ranar har aka zo aka tafi da sojan, ayaba yake kawo masa.

"Kun gani," Kaka za ta ce, "bai ci ba, kuma bai zagi kowa ba."

Wata rana na tambaye ta ko tsohon bai ji haushi ba. Ta dube ni ta ce, "Wa ya gaya maka bai ji ba? Maigida, juya masararka." Sai da muka yi wayo gwaggonmu ta faɗa mana cewa dogon nan kakanmu ne, lokacin yaƙin Bama. Kunya ce ta hana Kaka ta ce mijinta, sai ta mayar da shi wani bawan Allah.

Na girma da wannan labari a kaina, kuma a kullum ni ne sojan. Da na zo Guangzhou ya yi mini amfani, don garin nan ba ya rasa abin da za a miƙo maka ka ƙi. Na ƙware wajen dafa ƙirji har abokaina suna tsokanata.

A benenmu akwai Mohan, ɗan Indiya, ofishinsa na jikin namu. Mota ɗaya muke ɗauka zuwa Shiling sayen jakunkuna, kuma sau da yawa tare muke zuwa Nansha duba lodi. Yana ce mini lawban, wato maigida da yaren Sin, ni ma haka nake ce masa. Shi ya yi jinyata lokacin da na kwanta ba kowa nawa a kusa. Wata rana a mota yana nuna mini hotunan garinsu a waya, sai na ga ganuwa a kan tudu, matakala sun gangaro cikin kogi, ga ɗakunan bauta masu tsini. Na ba shi labarin Kaka, ya yi dariya ya ce irin waɗannan garuruwa suna da yawa a ƙasarsu, amma idan an rufe masana'antu domin hutun sabuwar shekarar Sin, in biyo shi in gani da idona.

Alhaji Ɗanladi, wani dattijon ɗan zangon Kumasi da muke cin tuwo tare, ya ja mini kunne cewa abincin gumaka za su ɗura mini. Na ce ya kwantar da hankalinsa, wannan fanni gadonsa na yi. Abin da ya dame ni tsaraba ce, don ba a shiga gidan uwar aboki hannu rabbana. Sai ga wani ɗalibi ya dawo daga Maraɗi da kilishi mai kyau, irin wanda ake ɗagawa a hangi haske ta cikinsa. Na danne kwaɗayina na ajiye shi dungum domin mahaifiyar Mohan.

Da muka isa, na tarar garin su Mohan ya fi yadda Kaka ta faɗa, kuma bai kai ba. Ganuwar ta fi tsawo, kogin ya fi faɗi, amma shanun ramammu ne. Mun shiga kwalekwale muka kalli matakalar daga ruwa, mata na wanki, tsofaffi na wanka, yara na faɗawa daga kan dutse. Na cire takalmi na tsaya a ƙofar babban ɗakin bautar ina leƙen sassaƙar da aka yi wa dutse kamar aikin ƙwarya. Na hau ganuwar na bi ta lungu-lungu ina neman inda babu komai a gaba sai sama da ruwa. Na samu wurare da dama, ban san ko akwai na kakana a ciki ba. A bayan ganuwar ma akwai unguwar masaƙa Musulmi da ɗan masallacinsu, saboda haka salla ba ta zame mini wahala ba.

Mahaifiyar Mohan 'yar ƙarama ce, kanta fari fat, na ce mata Mama ta amsa. Ta cika mini faranti da shinkafa da wake da gurasa, ina ci ina jiran alewar da zan ƙi. Shiru. Ashe Mohan ya riga ya yi mata bayani tun kafin mu taso. Har na ɗan ji babu daɗi, don na zo da shirina.

Bayan an kwashe kwanuka na buɗe jakata a tsakar gida, na ɗauko ƙunshin, man ya huda takardar. Na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu. Mohan ya shinshina, fuskarsa ta sauya.

"Lawban," ya ce a hankali, "wannan naman me ne?"

Kalmar "saniya" tana fitowa daga bakina na ji abin da na yi. Ni da na san labarin shanun garin nan tun ina yawo ba wando. Amma wallahi a kaina kilishi ba saniya ba ne, tsaraba ce. A gidan nan kuwa, kamar yadda na ji daga baya, ko ƙwai bai taɓa shiga ba.

Mama ta haɗa tafukanta biyu, ta sunkuyar da kai, ta girgiza shi, ta ja baya. Ni kuwa ina durƙushe da hannu a miƙe. Mohan ya karɓi ƙunshin ya fita da shi wajen masaƙa, ni na shige ɗaki, ina jin ƙarar ruwa da tsintsiya ana wanke inda na ajiye jakata.

Kunya ta kama ni, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ban zata ba shi ne haushi. Na san ni ne da kuskure, duk da haka raina ya ɓaci. Abin da ya fi komai daraja a wurina na ɗauko tun daga Guangzhou, ban ko ɗanɗana ba, an ƙi shi har ana wanke ƙasa. Na ƙudura da safe zan ce wani aiki ya taso, in koma otal, in na dawo Xiaobei kuma mu riƙa gaisuwar nesa da Mohan. Na ga ba zan iya sake zama mota ɗaya da shi ba.

Da asuba bayan na fito daga masallacin masaƙa, na zauna a kan matakala ina shirya ƙaryar da zan yi. Wani mai shara yana aikinsa can ƙasa da ni. Ina kallonsa sai na tuna ashe mutum biyu ne a labarin Kaka, kuma ba a wurin da na saba tsayawa nake ba. Shekara da shekaru ina koyon yadda ake ƙin kyauta ba tare da zagi ba, ban taɓa tambayar yadda wanda aka ƙi nasa yake yi ya dawo ba.

Na tashi na shiga kasuwa, na sayi gwaiba cike da leda. Na koma gidan, na durƙusa daga ɗan nesa, na ajiye a gaban Mama. Ta dubi ledar, ta dube ni. Ta ɗauki ɗaya ta goge da gefen mayafinta, ta gatsa, ta yamutsa fuska ta yi magana.

"Ta ce an cuce ka, ba ta nuna ba," in ji Mohan, yana danne dariya. "Gobe ita za ta kai ka kasuwa."

Ban koma otal ba. Har yau mota ɗaya muke ɗauka zuwa Shiling.

'Ya'yana suna Kano, ta waya nake ba su labarin Garin Matakala, ba murhu ba masara. Sun ce na ɓata shi, wai ina saurin wuce sojan. Gaskiyarsu ce. Yanzu na fi daɗewa wajen tsohon nan mai tsintsiya, yadda ya sauko daga ganuwa da alewarsa a hannu ransa a ɓace, kuma da gari ya waye ya sake hawa.